Gidan Mambayya: Gadon Talakawa Duka

Duk wanda ya shiga unguwar Gwammaja a birnin Kano, ya ce a nuna masa gidan Malam, ba mai tambayarsa wane malam. Gidan Malam Aminu Kano ke nan, wanda ake kira Mambayya.

An haifi Malam a 1920. Ya ja ragamar jam'iyyar NEPU wadda aka kafa a 1950, daga baya kuma ya jagoranci PRP a 1978. Ya riƙe minista a gwamnatin Janar Yakubu Gowon, amma bai tara abin duniya ba. Talakawa sukan yi sallama a gidan nan da kokensu, a saurare su. Da ya rasu ran 17 ga Afrilu 1983, a nan aka binne shi.

Yau gidan yana hannun Jami'ar Bayero, wadda ta mai da shi cibiyar nazarin dimokuraɗiyya, aka kuma adana ɗakunansa da kayansa domin masu ziyara.

'Yan'uwa cikin Almasihu, kada mu ce wannan gadon wasu ne. Malam bai ware kowa ba. A zaɓen 1979, Samuel Ikoku, mutumin Kudu, shi ne mataimakinsa a takarar shugaban ƙasa.

Matasanmu sun saba ganin masu mulki cikin manyan benaye. Idan zumuntar matasa ta shirya fita, mu kai su Gwammaja su ga inda Malam ya kwana. Gani ya kori ji. Allah ya ba mu shugabanni masu tsoronsa, amin.