Siyasa a Makarantar Renon Yara

Yau shirin namu zai leƙa makarantun renon yara, domin jin yadda masu mulki ke yanke wa malamansu matsayi.

A shekarar 1840 wani Bajamushe mai suna Friedrich Froebel ya kafa makarantar ƙananan yara a garin Bad Blankenburg, inda wasa da waƙa da aikin lambu suka zama darasi. Ya kuma shiga horar da mata su riƙi aikin a matsayin sana'a, a zamanin da ake ganin reno ba ya bukatar ilimi. Gwamnatin Prussia, wadda boren 1848 ya girgiza, ta haramta makarantun a 1851, tana zarginsu da cusa wa yara gurguzu da rashin addini. Sai a 1860 aka ɗage haramcin.

A Italiya labarin ya fi zafi. Likita Maria Montessori ta buɗe gidan yaranta na farko a 1907, a unguwar talakawa ta San Lorenzo da ke birnin Rum. A tsarinta malama ba ta tsawa, zuba ido take yi, yaro ya zaɓi aikin da zai yi da hannunsa. Da farko mai mulkin ƙasar, Mussolini, ya rungume ta, domin sunanta ya zaga duniya. Amma mai mulkin da ke son yara su taso suna fareti da biyayya, ina shi ina malamar da ke koya musu zaɓi? A 1934 aka raba gari, ta bar ƙasar, daga baya kuma aka rufe makarantunta.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, matan ƙauyen Villa Cella, kusa da birnin Reggio Emilia, suka sayar da tankar yaƙi da dawaki da manyan motocin da sojojin Jamus suka gudu suka bari. Suka tsinto tubali daga gidajen da bam ya rusa, suka gina makaranta da hannunsu. Sun ga irin ta'asar da makauniyar biyayya ta jawo wa ƙasarsu, ba su yarda 'ya'yansu su taso a kanta ba. Wani matashin malami, Loris Malaguzzi, ya hau kekensa ya je ganin abin da ido, daga nan aikin ya zama na rayuwarsa.

A 1963 hukumar birnin, wadda 'yan gurguzu ke jagoranta, ta buɗe makarantarta ta farko, a fagen da Cocin Katolika ta daɗe tana riƙe da shi. Nan fa sana'ar ta samu martabar da ta cancanta: malamai biyu a aji ɗaya, ga mai fasahar zane na musamman, kuma ana rubuta maganganun yara ana nazarinsu tare da iyaye. Duk da haka, dokar ƙasa ta 1968 da ta kafa makarantun reno na gwamnatin tsakiya ta keɓe aikin ga mata zalla, domin har lokacin 'yan majalisa na kallon malamar a matsayin uwa ta biyu.

Amurka kuwa ta bi wata hanyar. A Disamban 1971 majalisar dokoki ta amince da dokar kafa cibiyoyin kula da yara a faɗin ƙasa, amma Shugaba Richard Nixon ya hau kujerar na ƙi, yana cewa reno na taron jama'a zai raunana iyali. Ana tsakiyar yaƙin cacar baka ne, kuma duk abin da ya yi kama da tsarin Tarayyar Sobiyet abin gudu ne. Aka bar yawancin harkar a hannun kasuwa. Har yau iyaye a can suna kukan tsadar kuɗin reno, su kuwa masu renon albashinsu na cikin mafi ƙanƙanta a ƙasar, abin da ke sa da yawansu barin aikin su nemi wani.