A Ci Yau, A Bar Na Gobe

A Argungu akwai wani yanki na kogi da a ke kira Matan Fada. Shekara duka a kan hana su a cikinsa, Sarkin Ruwa da mutanensa suna tsaro, sai ranar bikin kamun kifi. Ran nan dubban masunta su kan faɗa ruwa gaba ɗaya, kowa da homarsa da goransa. An soma bikin a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka yi murnar ƙarewar tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye.

Baƙi su kan zo kallon giwan ruwan da ya fi kowane girma. Amma abin lura shi ne watannin nan da ba kowa a cikin ruwan. Da ana su kullum, da ba abin da za a kama ran biki. Kabawa sun daɗe da gane cewa abin da ya ke ciyad da kai, dole ka ba shi hutu.

Yau kwarin Rima duka yana bukatar wannan hikima. Tsofaffi suna tune da farin 1973 da na 1984. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka gama a 1978, da ta Goronyo da ta biyo baya, sun sāke yadda ruwa ya ke malala a fadama. A 2010 an yi babbar ambaliya, a 2020 kuma ruwa ya cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar Kebbi, ya rushe gidaje. Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayu 2023, kuɗin mota da na abinci suka hau. Daji kuwa kullum ƙara nisa ya ke yi da gari.

To, me gida guda zai iya yi? Bari mu kafa misali da gida irin wanda kowa ya sani a Birnin Kebbi. Maigida malamin makaranta ne, uwargida tana ɗinki, suna da 'ya'ya biyar, ga kuma tsohuwa, mahaifiyar maigida. Suna da 'yar gona a hanyar Argungu. Mu bi su wurare huɗu: bakin murhu, kasuwa, wurin gyaran gida, da gona.

A Bakin Murhu

Murhu mai duwatsu uku ɓarnarsa ta fi aikinsa yawa. Iska ta kan kwashe yawancin zafin, tukunya ta sami kaɗan. Hayaƙin kuwa a ƙirjin mai dafuwa da na goyonta ya ke sauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum wajen miliyan 3.2 suka mutu saboda gurɓatacciyar iska ta cikin gida, mafi yawa daga hayaƙin dafuwa.

Uwargidan nan ba ta jira sai ta sami kuɗin tukunyar gas ba. Ita da tsohuwa su kan kwaɓa laka da ciyawa, su kewaye duwatsun murhu, su bar ƙofa guda ta sa itace, bakin kuma daidai da gindin tukunya. Wuta ta taru wuri ɗaya, damin itace ya ƙara kwanaki. Ta kan jiƙa wake tun da dare, ta rufe tukunya da murfi, ta yi aiki da busasshen itace kaɗai, ta kashe bakin wuta da zarar ta sauke. Ta hana yara hura wuta da leda, gama hayaƙinta guba ne.

Akwai kuma makamashin da a ke takawa a wuce. A Nuwamba 2015 a jihar Kebbi aka ƙaddamad da shirin Babban Bankin Nijeriya na ba manoman shinkafa rance, a 2017 kuma aka buɗe babban injin casar shinkafa na WACOT a Argungu. Ban da manyan, ga ƙananan injuna a unguwa unguwa. Inda shinkafa ta yi yawa, ɓuntu ya yi yawa. Ana iya kwaɓa shi da ɗan kokon rogo, a cura, a shanya, ya zama abin dafuwa. Mata masu gumi, waɗanda su ke ƙone itace da yawa wajen turara shinkafa, su za su fi kowa cin ribarsa. Tokar kuma a kai ta gona.

Ranar Kasuwa

Dā mace ta kan tafi kasuwa da kwando ko ƙwarya, a zuba mata gishiri a ganye. Yanzu ko barkonon naira hamsin ka saya, sai an ba ka leda. Ledar nan ba ta ruɓewa. Ita ce ta ke toshe magudanar ruwa da damina, ruwa ya koma cikin gidaje, sauro ya sami wurin ƙwai. Akuya ta ci, ta yi ta ramewa ba a san dalili ba, sai mahauci ya feɗe ya tarar da dunƙule a tumbi. Ƙasar Ruwanda ta hana ledar cefane a 2008, Kenya kuma a 2017. Mu ba sai mun jira doka ba.

Uwargida ta haɗa ƙyallayen da suka ragu wajen ɗinki ta yi jakunkuna uku. Mai zuwa cefane ya ɗauki jaka, da kwalbar mai, da kwano mai murfi domin niƙa. A gida akwai randa mai murfi da moɗa guda, ana zuba ruwa mai tsabta, in ana shakkarsa a tafasa. Yara su kan tafi makaranta da gorar ruwa maimakon ruwan leda.

Abin da a ke saya ma akwai zaɓi. Shinkafar gida, albasar Aliero, kifin Yauri da na Argungu, gero da dawa na ƙauyukan kusa: waɗannan ba su sha doguwar tafiya ba, kuɗinsu kuma a hannun maƙwabta ya ke tsayawa. Maigida ya kan sayi hatsi da kaka. Wake a zuba shi a buhun nan mai ninki uku da a ke kira PICS, a ɗaure tam, ƙwari su mutu don rashin iska, ba tare da an barbaɗa magani ba. Sa'ad da tumatir ya yi araha, a yanka a shanya kauɗa. Abu guda ne ba su saya ko da araha: 'yan mitsi-mitsin kifin da aka kamo da taru mai ƙananan idanu. Wanda ya ci su, kifin baɗi ya ci.

Ga wata dabara ta ajiye kayan miya ba da lantarki ba. Wani malami a jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa ta, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. A sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa shi safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska ta ke kaɗawa. Yayinda ruwan ya ke bushewa ya kan janye zafi daga ciki. Tumatir da yalo da su kan lalace cikin 'yan kwanaki su kan daɗe ƙwarai. Da rani ta fi aiki, lokacin da iska ta ke a bushe.

Gyaran Gida

Nan ne gardama ta kan tashi. Damina ta ci gindin bangon ɗakin tsohuwa, soron ya soma yoyo. Maigida zai ce, "Uwar yara, mu rushe kawai mu sa bulo da kwano, mu huta." Uwargida kuwa za ta ce, "Maigida, a watan Afrilu ɗakin wa yara su ke gudu su kwanta da rana? Ba na Inna ba?"

Gaskiyarta. A Birnin Kebbi zafin bazara ya kan wuce digiri 40. Bangon ƙasa mai kauri ya kan sha zafin rana a hankali, bai kai ciki ba sai yamma ta yi. Bulo mai rami da kwano ba silin kuwa, kafin azahar ɗaki ya zama tanda. Sa'an nan a nemi fanka, in ba wuta a nemi janareta da mai. Ga tsadar siminti. Masana sun ce yin siminti shi ke fid da wajen kashi 8 cikin 100 na iskar da ta ke ɗumama duniya, watau wadda a ke kira kabon.

Mai cewa ginin ƙasa ba ya ƙarko, ya je Argungu ya dubi gidan tarihi na Kanta. Tsohon gini ne, ya zama fada har 1942, aka mai da shi gidan tarihi a 1958. Abin da ya tsai da shi, kulawa ce. Magabtan ginin ƙasa biyu ne, ruwan sama da laimar ƙasa. Magina na dā sun san wannan: su kan yi yaɓe kafin damina, su share indararo, su shafe bango da makuba ta ɓawon ɗorawa ko da laso na katsin marina.

Sabon ilmi ma yana da abin ƙarawa. Wani maginin zamani ɗan Burkina Faso, Francis Kéré, ya gina makaranta a ƙauyensu Gando a 2001 da tubalin ƙasa mai ɗan siminti. Ya ɗaga kwanon sama, ya bar fili tsakaninsa da rufin ciki domin iska ta ratsa. A 2022 ya zama ɗan Afirka na fari da ya sami Pritzker, babbar lambar yabo ta masu tsara gini. Ashe da tsohuwar zuma a ke magani.

Saboda haka iyalin nan ba su rushe ba. Siminti buhu kaɗan suka saya, suka sa shi inda ya ke da amfani: harsashi na dutse da siminti har zuwa gwiwa, da daɓen ƙasa. Ba su shafe bangon ƙasa da siminti ba, gama ba su kama juna, ya kan tsage ya riƙe laima a ciki, daga baya ya ɓamɓare. Suka ware tsofaffin azara masu kyau suka sāke aiki da su, domin giginya ta kan ɗauki shekaru da yawa kafin ta isa sara. Suka ɗora kwano a bisa, bakinsa ya zarce bango sosai, suka shafa masa farin fenti don ya mai da zafin rana. Suka fasa taga biyu suna duban juna, da 'yar kafa can sama inda zazzafar iska za ta fita. Suka gyara kwata ruwa ya bi ya fice. Da ragowar kuɗin aka sayi fitila mai aiki da hasken rana, yara suna karatu da dare.

Gargaɗi guda: ba bango, ko na ƙasa ko na bulo, da zai tsaya a kan hanyar ruwa. Mai sayen fili ya je ya gan shi a watan Agusta, ya kuma tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa ya kai a 2010 da 2020. Tun ran gini, ran zane.

Itacen Jikoki

A yamma da ɗakin suka dasa dogon yaro biyu, ana ba su ruwan wanke-wanke. A gona kuwa maigida ya koyi darasi daga maƙwabtanmu na Maraɗi. A 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostiraliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa tsiron da manoma su ke sarewa kowace shekara lokacin sharar gona, kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu tana ƙasa. Maimakon a sare duka, sai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bari, a rage sauran, a tsare su daga dabbobi. Manoma suka kira shi sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a gonakin Nijar. Ba kuɗin iri, ba ban ruwa. Kalgo da sabara da magarya su kan ba da itacen wuta daga rassan da aka rage. Gawo kuwa ya kan zub da ganye da damina, bai tare wa gero rana ba, ya kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Masu karatu, ba wanda zai yi dukan waɗannan cikin wata guda. Ku zauna da iyali wani maraice, ku zaɓi abu ɗaya. Uwargida ta gyara murhu, yara su riƙe jakar cefane, maigida ya bar kututture goma a gona kafin shuka. Ku kira tsohuwa ku tambaye ta yadda a ke yi dā, gama abin da ta sani ba ya cikin littafin makaranta. Ƙasar nan amana ce a hannunmu, waɗanda za su karɓe ta kuwa suna nan suna wasa a tsakar gida. Allah ya ba mu hikima mu miƙa musu ita da albarkarta.