Ledar Tambari Ce Ke Yanke Makomar Gora

A watan Afrilun 2022 Birtaniya ta fara karɓar harajin fam 200 kan kowane tan na robar ƙunshe kaya, matuƙar tsohuwar robar da aka sake narkawa ba ta kai kashi 30 cikin ɗari a jikinta ba. Tarayyar Turai ma ta kafa doka cewa daga 2030 gorar lemo da ta ruwa dole su ƙunshi kashi 30 na tsohuwar roba. Nan da nan kamfanoni suka shiga farautar tsohuwar roba mai tsafta, sai suka tarar ɗaya daga cikin abubuwan da ke lalata ta shi ne 'yar ledar tambarin da ke manne a jikin gora.

A masana'antar sake narka roba ana niƙa gorunan su zama ɓarɓashi, a juye su cikin tankin ruwa. Robar gora, wadda ake kira PET, ta fi ruwa nauyi, sai ta nutse. Murfi da ledar tambari da aka yi da robar PP ko PE kuwa tasowa sama suke yi, a kwashe su daban. Amma ledar PVC tare take nutsewa da PET, idan aka zo narkawa ta ƙone, ta bar ɗigon baƙi da rawaya a kayan. Kaɗan daga cikinta kan ɓata tuli guda. Gam ɗin da ke manne tambarin ma haka yake: wanda ba ya sakin gora a ruwan zafi mai soda yana bin ɓarɓashin har cikin injin.

Ledar ƙunshi kuwa ta fi gora wuyar sake narkawa. Ta biskit ko ta madarar gari hawa-hawa ce, roba iri-iri har da alminiyum, an manne su ba sa rabuwa. Wadda ta narku ma tawada kan mayar da ita ruwan toka, shi ya sa take ƙarewa a ledar shara, ba ta komawa ga ƙunshe abinci.

'Yan bola-jari a Kano sun san wannan da hannunsu: suna tara ledar ruwa da gora saboda akwai mai saye, su tsallake ledar biskit a kwata. A ganina nan ya kamata hukuma ta matsa wa kamfanoni, su yi leda da roba iri ɗaya, gam mai wankuwa, tawada kaɗan.