Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Yadda Ake Koyon Tsara Fuskar Na'ura

Duk wanda ya taɓa tsayawa layin na'urar cire kuɗi a wani banki na unguwar Nassarawa GRA a Kano, ya ga dattijon da ya rasa maɓallin da zai danna, har ya miƙa wa baƙo katinsa da lambarsa ta sirri. Sau da yawa laifin na tsarin fuskar na'urar ne, wato allo da maɓallai da rubutun da mutum ke hulɗa da na'ura ta hanyarsu.

Kuskure a wannan fanni yakan jawo babbar asara. A shekarar 1979, a tashar makamashin nukiliya ta Three Mile Island da ke Amurka, wata fitila ta sa ma'aikata zaton wani bawul ya rufe, alhali a buɗe yake. An fi awa biyu ruwan sanyaya tukunyar yana zuba kafin a farga.

Asalin wannan ilimi shi ne halittar ɗan Adam. A 1954 Paul Fitts ya nuna cewa lokacin da hannu ke ɗauka kafin ya kai ga abu yana ƙaruwa gwargwadon nisan abin da ƙanƙantarsa. Shi ya sa ake faɗaɗa maɓalli mai muhimmanci. Haka kuma akwai mutane, galibinsu maza, waɗanda idonsu ba ya bambance ja da kore, don haka ba a dogara da launi kaɗai wajen yin gargaɗi.

A sassan nazarin kwamfuta, irin na Jami'ar Bayero, hanyar da ta fi dacewa da wannan darasi ita ce raba ɗalibai rukuni-rukuni. Dalili kuwa shi ne, wanda ya tsara abu ba ya ganin aibinsa, domin ya riga ya san inda komai yake. Sai wani ya je ya tattauna da masu amfani da na'urar, wani ya zana allon a takarda, wani ya rubuta manhaja, wani kuma ya zauna shiru yana rubuta inda mai gwaji ya yi tuntuɓe. Jakob Nielsen ya bayyana a 2000 cewa gwaji da mutum biyar kan tono kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin.

Ɗaliban ƙasar Hausa suna da aiki na musamman a gabansu. Google ya sanya Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, Facebook kuma a 2016, amma allon rubutu na Ingilishi ba ya ɗauke da ɓ, ɗ da ƙ. In aka yar da ƙugiya, ƙasa takan koma kasa, ɓata kuma ta koma bata.

Malaman sakandare na iya fara wannan horo ko babu kwamfuta. Kwali da almakashi da fensir sun isa ɗalibai su zana allo, su gwada shi a kan iyayensu, su dawo aji su gyara.