Bindigar Gas Ba Abin Wasa Ba Ce

A shagunan intanet da bidiyoyin da matasa ke tura wa juna a waya, ana tallata wata 'yar bindigar hannu mai aiki da gas. Masu talla kan ce ta koyon saiti ce, wasu ma su ce da ita za ka razana ɓarawo. Mutumin Beri ko na Kontagora, wanda matsalar 'yan bindiga ta hana shi barci da ido biyu rufe, zai iya jin kwaɗayin mallakarta. Kafin kowa ya sa hannu aljihu, ya kamata ya san abin da zai shigo da shi gida.

Yadda take aiki

Wannan bindiga ba ta amfani da albarushi. A cikin mariƙinta ake cusa wata 'yar tukunyar ƙarfe mai gram 12 na iskar kabon, irin gas ɗin da ke sa lemon kwalba kumfa. Idan aka ja kunama, gas ɗin ya hankaɗo ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 4.5, wasu samfuran kuma ƙwallon roba mai milimita 6. Ƙwallon ƙarfen kan fita da gudun mita 100 zuwa 140 a daƙiƙa ɗaya. Tukunya ɗaya kan yi harbi 40 zuwa 80, ya danganta da samfurin. Idan aka yi ta harbi ba ƙaƙƙautawa, tukunyar ta yi sanyi, ƙarfin harbin ya ragu. Saitinta ma bai cika wuce mita goma ba.

Masu ƙera ta sun fi ba da ƙarfi ga kamanni. Kamfanin Umarex na Jamus, alal misali, yana da izinin kwaikwayon bindigogin Glock da Beretta da Walther, har da tambarinsu. Da yawansu jikinsu ƙarfe ne, nauyinsu ya kusa na ainihin, samansu ma yana ja baya a kowane harbi. Ko da rana tsaka, sai wanda ya riƙe ta a hannu zai bambance.

Abin da take yi wa jiki

Daga kusa, ƙwallon ƙarfen yana huda fata, ya karya haƙori, ya fasa ido nan take. An sha samun mace-mace a duniya inda irin wannan harbi ya shiga ta ido ko gefen kai, musamman a jikin yara. Kuma ƙarfe ba ya lotsewa: idan ya bugi bango ko ƙyauren ƙarfe, sai ya dawo kan mai harbin ko wanda ke tsaye kusa da shi.

Ita kanta tukunyar abin tsoro ce a ƙasa mai zafi irin tamu. Matsin da ke cikinta ya ninka na tayar mota fiye da sau ashirin, kuma yana ƙaruwa da zafi. Shi ya sa masu yin ta ke gargaɗin kada a ajiye ta inda zafi ya kai digiri 50. Motar da aka rufe a rana cikin watan Afrilu tana iya haura haka.

Abin da doka ta ce

Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa bindigogin iska, manya da na hannu, cikin makaman da sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda ake mallakarsu. Bindigar iska ta hannu kuma tana cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta shigowa da su ƙasar nan baki ɗaya. Dokar fashi da makami ta 1984 ta ambace ta da suna a cikin makaman cutarwa, wanda kuwa kotu ta samu da laifin fashi ɗauke da irin wannan makami, hukuncinsa kisa ne. Cewa «ai ta wasa ce» ba zai fitar da kowa a gaban alƙali ba.

Babban haɗarin

A ranar 22 ga Nuwamba, 2014, a birnin Cleveland na Amurka, ɗan sanda ya harbe Tamir Rice, yaro ɗan shekara 12, yana riƙe da bindigar kwaikwayo mai harba ƙwallon roba. Washegari ya rasu. Alamar ruwan lemo da ake sa wa bakin irin waɗannan bindigogi ba ta jikin tasa.

To a nan yankin namu, inda soja da ɗan sanda da ɗan banga kowa ke tsaye da shirin ko-ta-kwana, wa zai tsaya tambaya idan ya ga ƙugun saurayi ya yi tudu a shingen bincike? Hoto ɗaya da ita a Facebook ko TikTok ya isa a laƙaba wa mutum sunan mai kai wa 'yan bindiga bayanai, tabon kuma ya shafi danginsa duka. Wanda ya zaro ta a gaban mai AK-47 kuwa, tsokanar ajali kawai ya yi. Kama da wane ba ta wane.

Abin yi

Kada a saya, kada a karɓi ajiya, kada a ɗauki hoto da ita. Wanda ya tsinci irinta a ɗakin ɗansa, kada ya gwada harbawa, ko da yana ganin babu komai a ciki; ya nemi rakiyar mai unguwa ko dagaci a miƙa ta ofishin 'yan sanda. Iyaye su sa ido lokacin sallah, domin ƙananan bindigogin roba masu harba 'ya'ya su ma suna tsiyayar da ido.

Idan tsautsayi ya faɗa wa ido, kada a murza, kada a danna, kada a yi ƙoƙarin ciro abin, kada a ɗiga nono ko a sa tozali. A kifa gindin kofin roba mai tsabta a kan idon ba tare da ya taɓa shi ba, a ɗaure, a garzaya Babban Asibitin Kontagora ko mafi kusa, a gaya wa likita ainihin abin da ya faru. Jinkirin kwana ɗaya na iya zama sanadin rasa idon.