Tsohon Bahon Wanka: A Sabunta Shi Ko A Fasa Bango?

Duk mai gidan haya ko mai otal da ya taɓa karɓar makulli daga hannun wanda ya tashi, ya san cewa makewayi ne wurin da ya fi tona asirin tsufan gini. Bango ana iya shafe shi da fenti cikin yini guda, ƙofa kuma kafinta ya gyara ta, amma bahon wankan da ya dushe, ya yi jan tabo a ƙarƙashin famfo, ƙasansa kuma ya yi kaushi kamar dutsen niƙa, shi ne kan sa mai neman haya ya juya ko kuma ya nemi ragi. Abin da kan fara zuwa zuciyar mai gida shi ne a cire shi a sa sabo. Sai dai kuma lissafin wannan shawara ya sauya ƙwarai a 'yan shekarun nan.

Da yawa daga cikin bahunan da ke tsofaffin unguwannin ma'aikata da manyan otal-otal an girka su ne a shekarun 1970 da farkon 1980, lokacin da kuɗin man fetur ya bunƙasa gine-gine, naira kuma ta fi dalar Amurka daraja. Wannan zamani ya kau tun daga 1986 da aka soma karya darajar naira. A watan Yuni na 2023 Babban Bankin Nijeriya ya haɗe kasuwannin musayar kuɗi, inda dalar da ake samu a kan kimanin naira 460 a farashin hukuma ta haura naira 700 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce naira 1,400 a farkon 2024. Da yake akasarin kayan banɗaki da ake sayarwa a kasuwanni irin su Dei-Dei a Abuja, da Odunade a Legas, da Ƙofar Ruwa a Kano daga ƙasashen waje ake shigo da su, farashinsu ya bi sawun dala.

Kuɗin sabon bahon ma ba shi ne babbar ɗawainiyar ba. Baho abu ne da ake girkawa kafin a manna tayil, saboda haka ba ya fita sai an fasa layin tayil ɗin da ke kewaye da shi, wani lokaci har da daɓen ƙasa. Daga nan sai a nemi mai gyaran famfo da birkila da mai sa tayil, sa'annan a shiga kasuwa neman tayil mai launin wanda aka manna shekaru talatin da suka wuce, wanda da wuya a samu. Bahon da aka yi da zubin ƙarfe kan wuce kilo 100, sauko da shi daga bene kuwa aikin ƙarti huɗu ne. Ga mai otal, kowane daren da ɗaki ya kwana a rufe asara ce da ba a rubuta ta a takardar ɗan kwangila.

Kafin mutum ya zaɓi sabuntawa, ya kamata ya san abin da yake saye. Farin da ke jikin bahon ƙarfe ba fenti ba ne. Gilashi ne da aka niƙa, aka barbaɗa ko aka fesa a jikin ƙarfen, aka gasa a tanderu mai zafin kusan digiri 800 a ma'aunin Santigireti har ya narke ya kama, irin dai rufin da ke jikin kwanon samira da mata ke jerawa a ɗaki. Tun a 1883 John Michael Kohler na jihar Wisconsin ta Amurka ya yi wa wani kwamin zubin ƙarfe irin wannan rufi ya sayar da shi a matsayin bahon wanka. Babu wanda zai iya maimaita wannan gashi a cikin makewayin gida. Abin da ake kira sabuntawa shafe ne na wani fenti mai ƙarfi, ko dai efoksi ko foliyuretan, wanda ake haɗa ruwa biyu kafin a shafa, ya daskare ya yi ƙyalli. Yana kama da na asali a ido, amma bai kai shi tauri ba. Duk mai aikin da ya yi alkawarin mayar da baho yadda ya fito daga masana'anta, ya faɗi abin da ya fi ƙarfinsa.

Har ila yau ba kowane baho mai muni ne yake bukatar shafe ba. Jan tabon da ke bin sawun ɗigar famfo sau da yawa ba tsatsar bahon ba ce, ƙarfen da ke cikin ruwan rijiyar burtsatse ne ya taru a kansa, farin ɓawon da kan bushe a gefe kuma gishirin ƙasa ne na ruwan. Ruwan lemun tsami ko ruwan khal, idan aka bar shi ya jima a wurin, yakan ɗauke su. Abin da ke cinye gilashin kansa shi ne goga da soson ƙarfe da garin wanke tukunya, da zuba ruwan asid na wanke masai, da kuma bokitin ƙarfe. A gidaje da dama ba kwanciya ake yi a baho ba, tsayawa ake yi a ciki da bokiti, kuma gindin bokitin ne ke ɓantare gilashin har baƙin ƙarfe ya bayyana. Idan an wanke bahon tas amma yatsa na jin kaushi, datti kuma na komawa cikin kwana biyu, to gilashin ya riga ya lalace. Maganaɗisu na nuna irin bahon: yana kama na ƙarfe, ba ya kama na roba ko na faiba, waɗanda fentinsu da shirinsu daban ne.

Yawancin aikin a shiri yake. Ana fara ne da gyara duk famfon da ke ɗiga, domin ɗigo ɗaya a kan ɗanyen fenti ya isa ya ɓata aikin. Sai a kankare silikon ɗin da ke tsakanin baho da tayil baki ɗaya, saboda babu fentin da ke kama silikon, ko da ɗan burbushinsa ne. A wanke maiƙon sabulu da na man shafawa, a goge tsatsa har ƙarfe ya yi haske, a cike ramukan da filar da masu gyaran jikin mota ke amfani da ita. Bayan haka a bi ko'ina da samfefa mai lamba 400 zuwa 600 har ƙyallin ya mutu, domin fenti ba ya zama a kan abu mai santsi. A riƙa jiƙa samfefar da ruwa, saboda an samu dalma a rufin wasu tsofaffin bahuna, kuma ƙurarta ba abin shaƙa ba ce. Ƙwararru a wasu ƙasashe kan yi amfani da wani asid mai cin gilashi a madadin samfefa, amma wannan asid na ratsa fata ya kai ga ƙashi, don haka ba shi da wurin zama a hannun mai gida ko yaron shago.

Idan baho ya bushe sarai, sai a rufe tayil da famfo da magudana da takarda da salatif, a haɗa ruwan biyu daidai da awon da ke jikin gwangwani. Da zarar an haɗa su sun fara daskarewa, kuma abin da ya rage ba ya ajiyuwa zuwa gobe. Shafi biyu ko uku marasa kauri sun fi guda mai kauri, wanda kan zubo ya bar zane a bangon bahon. Rola ƙarama ta soso tana yi, amma feshi ya fi fitar da santsi. Yawancin irin waɗannan fenti na bukatar kwana ɗaya zuwa uku kafin ruwa ya taɓa su, kuma a nan ne masu otal suka fi yin gaggawar da ke jawo ɓarewa. Yanayi ma na da nasa hukunci. Laimar damina a Legas ko Fatakwal kan sa efoksi ya yi hazo ya ƙi bushewa da kyau, ƙurar hunturu kuma a Kaduna ko Kano kan sauka a kan ɗanyen shafi ta zauna daram.

Akwai wani ɓangare na aikin da ya shafi rai. Bahon da aka taɓa yi wa shafe sai an cire tsohon fentin kafin a sa sabo, kuma da yawa daga magungunan cire fenti masu saurin aiki na ɗauke da sinadarin metilin kulorayid. Wannan sinadari na tafasa ne a kan digiri 40 kacal, zafin da ake kaiwa da bazara a garuruwa da dama na ƙasar nan, tururinsa kuma ya ninka iska nauyi kusan sau uku. Saboda haka ba ya tashi sama ya fita ta taga, a cikin bahon yake taruwa, daidai inda mai aiki ke sunkuyar da kansa. Yakan sumar da mutum, jiki kuma na juya shi zuwa irin gubar da ke cikin hayaƙin janareta. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton mutuwar masu sabunta baho 13 tsakanin 2000 da 2011 sakamakon shaƙarsa. Tarayyar Turai ta zartar da taƙaita sayar da irin wannan magani tun 2009, hukumar kare muhalli ta Amurka kuma ta hana sayar wa jama'a shi a 2019, ta faɗaɗa hanin a 2024. Mai saye ya karanta jikin gwangwani, inda akan rubuta sunan da methylene chloride ko dichloromethane, ya kuma guji ruwan da aka ɗura a gora babu suna. Kankara da samfefa sun fi cin lokaci, amma ba sa kashe kowa. Shi ma feshin foliyuretan na iya haddasa ciwon asma, kuma ƙyallen rufe hanci na asibiti ba ya tare tururi. Ana bukatar takunkumi mai kawo tsabtatacciyar iska daga waje, da fanka mai jan iska zuwa waje, da kuma mutum na biyu a bakin ƙofa.

Ta fuskar sana'a, masu fentin mota ne suka fi kusa da wannan aiki, tunda suna da injin feshi, sun saba da fila da samfefa da fentin da ake haɗawa. Abin da ya rage musu shi ne sanin cewa fentin mota ba a yi shi don ya jure zaman ruwan zafi da sabulu kullum ba. Mai otal da ke da ɗakuna masu yawa zai fi samun kwanciyar hankali idan ya ba da baho ɗaya gwaji, ya jira wasu watanni, sa'annan ya sa a rubuta sunan fentin da adadin shafi da wa'adin lamuni a cikin yarjejeniya. Ya kuma sanar da masu share ɗakuna cewa daga ranar sai soso mai laushi da sabulun ruwa, ba tabarmar roba mai mannewa, bokiti kuma na roba. Shafen da aka yi da rola a gida kan ɗauki 'yan shekaru, na ƙwararre kuma ya fi haka, muddin an kiyaye waɗannan sharuɗɗa.

Bahon da tsatsa ta huda a bakin magudana, ko na faiba da ƙasansa ke lotsawa idan an taka, ba ya karɓar shafe, domin fenti zai tsage a daidai wurin. Haka kuma idan bututun da ke ƙarƙashi na yoyo, dole a fasa ko ana so ko ba a so. A irin wannan hali wasu masu gidaje kan cire bahon gaba ɗaya su daɓe wurin su sa shawa, wadda ta fi dacewa da wankan bokiti da ƙarancin ruwa. Shi kuwa tsohon bahon zubin ƙarfe, 'yan gwangwan na sayensa da awon kilo, saboda haka a ɗora shi a sikeli kafin a yi ciniki.