Tarkon Bazazzagi a Tambayar Auna Fahimta

'Yan'uwa ɗalibai, jarrabawar JAMB tambayoyi 180 ce cikin awa 2, guda 60 na Turanci. Ke nan kowace tambaya daƙiƙa 40 gare ta, auna fahimta kuwa ita ke cinye mana lokaci.

A ce an kawo labari kan ganuwar Zazzau, marubucin ya ce ruwan sama da masu ɗibar ƙasa sun cinye wasu sassanta. Sai aka tambaya: wanne zaɓi ya dace da maganarsa?

A ya ce ganuwar duk ta rushe. Kalmar "duk" ta kashe shi, domin "wasu sassa" aka ce. B ya ɗora laifin kan yaƙi, labarin kuwa bai ambaci yaƙi ba.

C ne tarkonmu: ya ce ganuwar tana da alaƙa da Sarauniya Amina. Da jin haka muka tashi, hannu har ya kai ga dannawa. To amma marubucin ya faɗa? Bai faɗa ba.

D ya ce yanayi da ɗan'adam ne suka lalata wani ɓangarenta. Muna yawan tsallake irinsa saboda an sauya kalmomin, alhali "yanayi" shi ne ruwan saman, "ɗan'adam" kuma masu ɗibar ƙasar nan ne.